Fukafukan Baba Yacouba

Baba Yacouba mutumin Tawa ne. Ya zo Yamai da gizagonsa tun yana saurayi, ya zauna a unguwar Saga yana sassaƙa wa masunta filafilin tuƙa jirgi har furfura ta cika masa kai. Ba shi da yawan magana, in kuwa ya yi, sai ka ji kamar ya mare ka.

Ni Boubacar direban taksi ne. Matata Hafsa tana da lambun salati a Kirkissoye, gadon mahaifinta. Da injin ban ruwanmu ya mutu, sai ta koma jan guga da ɗaukar ruwa a ka, ga ta da cikin wata bakwai. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce lambun babanta ba zai bushe tana kallo ba. Gaskiya tsoro ya kama ni.

Na samo dinamo da batir da ƙaramin famfo, na tsaga tiyo na yi fukafukai uku, na kafa su bisa dogon ƙarfe don iska ta juya su, dinamon ya ba famfon wuta. Kwana huɗu suna tsaye ƙiƙam. Na kwance su na kai wa Baba, ina cika baki cewa da na ɗaura su a kan mota sun yi gudu har da ƙara.

"Kana gudun nawa?" in ji shi.

"Tamanin, Baba."

"To, ka taɓa ganin iskar Yamai ta yi gudun tamanin in ba hadari ba? Iskarmu tafiyar tsohuwa take yi. Ita za ka yi wa fiffike."

Ya ɗauki katako mara nauyi ya fara sassaƙa sababbin fukafukai. Gindin ya bar shi da faɗi, ya karkace shi sosai don ya kama ƴar iska ya tashi. Yana tafiya zuwa baki yana siranta shi yana miƙar da shi, domin a cewarsa bakin ya fi gindin gudu nesa ba kusa ba. Gefen da ke fuskantar iska ya bar shi a shafe, bayan ya yi masa ɗan tudu. Ya rataye ukun da zare, ya yi ta kankare mai nauyin har suka daidaita.

Gwaji ne ya kusa raba mu. Ya ɗaure su a saman taksina, ya zauna gaba, ya ce kada in wuce goma sha biyar. A kan hanyar Saga, da rana tsaka! Masu babur suna ta oda, wani har ya tambaye ni ko esansi ne ya ƙare a motar. Fukafukan ba su motsa ba. Muka koma, ya ƙara karkata gindin. Sau biyar muna wannan abin kunya, ina ta ƙunƙuni, shi ko a jikinsa. A na shida na ji wani ɗan fito a saman kaina.

"Tsaya," ya ce. "Je ka kafa wa ɗiyata." Haka yake kiran Hafsa.

Washegari da hantsi iskar ko ganyen mangwaro da ƙyar take kaɗawa, amma fukafukan suna juyawa. Kafin la'asar ruwa ya biyo tiyo ya shiga kwamin farko. Hafsa ta zauna a bakin rijiya ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, ta ce in je in gaishe da Baba. Da na je, sai na riƙe hannunsa da hannu biyu ina ta cewa Allah ya saka.