Jitar da Baba Ya Naɗe a Tabarma

Shekaranjiya ina zaune a tashar mota ta Haɗejiya ina cikin mota ina jiran ta cika, sai direba ya kunna wata tsohuwar waƙar Turawa. Ban gane ko kalma ɗaya ba, ni da ban yi nisa a boko ba. Amma akwai wani sauti a bayan muryar, mai ja kamar kukan mace daga ƙetaren kogi. Na san abin da ke yin wannan kukan. Na taɓa shi da hannuna.

Muna yara a Malam Madori, maƙwabcinmu wani dattijo ne Kirista, mutumin Filato, ma'aikacin jirgin ƙasa. Yana da jita, amma ba irin wadda ake ratayawa a wuya ba. Wannan ƙafa huɗu gare ta kamar tebur, tsirkiyoyinta a kwance, a ƙasa kuma ga abin takawa irin na keken ɗinki. Wani Bature ne ya bar masa, ya ce ko a ƙasarsu an daina ƙera irinta. Sai ya haɗa ta da batirin mota da lasifika, ya ɗora wani guntun ƙarfe mai santsi a kan tsirkiya yana ja, ƙafarsa tana takawa. Wallahi ba ka jin inda wani sauti ya ƙare wani ya fara. Da kaka, in an dawo daga yankan shinkafa a fadama, jiki duk ƙaiƙayi, mata kan tsayar da taɓarya su saurara.

Ni ya koya wa. Ya ce kunnena ya fi na 'ya'yansa. Na fara tun ƙafata ba ta kai abin takawar, har ta zo ta kai. Ba yabon kai nake ba, na iya. A duniya shi ne kaɗai abin da na taɓa iyawa fiye da kowa.

Da ya yi ritaya, motar kayansa ta cika, sai ya kawo wa Baba ita har zaure.

"Maƙwabci, ga ajiya, zan aiko a ɗauka. Amma ka bar yaron nan ya riƙa kaɗa ta. Irin wannan in ta zauna mutuwa take yi."

Baba ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Ƙurar motar ba ta kwanta ba ya ɗauko tabarmar kaba da igiya. Inna ta ce, "Malam, ai mai ita ne ya ce a bar shi."

"Ajiya ya fara cewa. Kuma mu manoma ne, kiɗa gadon makaɗa ne. Wa zai ba maroƙi 'ya?"

Ya naɗe ta, ya rataye a azarar ɗakin hatsi. Baffannina duk suka ce ya yi daidai.

Kada ka ɗauka Baba mugu ne, da mugu ne da abin ya fi mini sauƙi. Duk shekarar da ruwa ya shigo mana gida, ita yake fara fitarwa a kansa, kafin buhun shinkafa, kafin awaki. Na gan shi ruwa har ƙugu yana kare ta kamar jariri. Amma bai taɓa kwance igiyar ba, ni ma bai bari na taɓa ba. Dattijon kuwa bai aiko ba, daga baya muka ji ya rasu.

Bayan rasuwar Baba muka sauko da ita. Gara ta cinye katakon, danshin fadama ya mai da tsirkiyoyin jan gari. Na ɗaga ta, ƙafa ɗaya ta faɗi. 'Yan gwangwan suka kwashe saura. Guntun ƙarfen nan kaɗai bai yi tsatsa ba, yana gidana, matata tana dandaƙa citta da shi.

Yau ɗan ƙanena waƙa yake yi a waya, ana gayyatarsa biki har Jahun. Baffan da ya rage cikin waɗanda suka ce Baba ya yi daidai, shi ne yake cewa "mawaƙinmu", yana cin goronsa. Ni kuwa busasshen kifi nake kaiwa kasuwa, yatsuna sun ƙage, ko jitar ta dawo sabuwa ba abin da zan yi mata.

Da mota ta cika, direba ya canza waƙar. Na ce ya mayar. Ya waiwayo yana dariya, "Baba, kai ma ka san irin wannan ne?"

Na ce masa a'a.