Ranar da Likita Nélida ta ƙwace wa Tío taba

A Potosí, garin masu haƙar ma'adinai, in ka ce Likita Nélida Huallpa, sai an ce maka, "Wadda ta ƙwace wa Tío taba?" Ba mai tuna shekara shida da ta yi tana karatun likita a Sucre, ko ukun La Paz a kan huhu, ko ɗayar da ta yi a Meziko tana koyon ciwon barci.

Ƙurar ramin ma'adinai ta cinye huhun mahaifinta yana da shekara arba'in da ɗaya. Nélida ta tashi tana sauraron numfashinsa ta bayan labule, ya tsaya, ta jira, ya dawo. Wata rana bai dawo ba.

Da ta gama karatu sai ta tarar yayanta Tiburcio ya fara irin wannan. Matarsa ta ce numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, abokan aikinsa a ramin suka ce yana gyangyaɗi da nakiyar fasa dutse a hannu. Sau huɗu tana ba shi ranar gwaji, bai zo ba.

"Auta, lafiyata ƙalau. Ki je ki duba masu ciwo."

Sai ta bi shi ramin, ita da ko ɗaki mai duhu ba ta shiga. Rufin na ɗiga, dutse na gurnani daga can ƙasa. A lungun farko Tío na zaune, wani gunkin laka mai ƙaho da masu haƙa ke cewa shi ya mallaki ramin, an tara masa ganyen koka da giya, an kunna masa taba a baki. Kowa ya san in tabar ta mutu ba ta cinye ba, to akwai wanda ba zai fita ba.

Hannun da ya saba fizge taba daga bakin marasa lafiya bai yi shawara da ita ba. Ta fizge, ta taka.

Tsoho Don Cirilo, shugaban masu haƙa, ya cire hularsa.

"'Yar nan, kin kashe mu."

Mutum goma sha bakwai suka fito a guje, Tiburcio a gaba, yana haki kamar zai faɗi. A bakin rami ta kama rigarsa.

"Yaya, tunda yau ba aiki, mu je."

Gwaji ya nuna numfashinsa na tsayawa sau hamsin a awa guda, ƙura kuma ta fara zama a huhunsa. Yanzu da na'urar numfashi yake barci, bai koma ramin ba. Sai da aka yanka wa Tío llama, wata dabbarsu mai kama da ƙaramin raƙumi, kafin sauran su koma.

Kwanaki a kasuwa Don Cirilo ya tare ta.

"Likita, Tío na gaisuwa. Ya ce yaushe za ki ba shi ranar gwaji?"

"Baba, huhunsa na laka ne, ya sha abinsa," in ji ta. "Na Yaya ne nake tsoro. Shi kaɗai ya rage mini."