Muryar Inna Ce Ta Tsira

Jama'a, ku ji abin da ya faru da ni yau a unguwar PZ!

Da muka tashi daga ajin yaƙi da jahilci, na je kafen intanet da matata Saratu, a ajiye mini abin da ke cikin filashina, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, a imel. Madam mai kafen ta ce intanet na rarrafe, abu ɗaya kawai zai shiga.

Saratu ta ce, "Baban Rahila, hotunan bikin 'yarka za ka sa!"

Na ce, "Hotunan nan kowace gwaggo ta sayi nata wajen mai hoto. Waƙar niƙan da na ɗauka a bakin marigayiya Inna fa, wa ke da ita in ba ni ba?"

Ta zumɓura baki. Muka jira awa guda, waƙar ta shiga. Sai aka ɗauke wuta, ta dawo da ƙarfi. Fau! Kwamfuta ta yi hayaƙi!

Madam ta gwada filashin a wata kwamfutar, ta ce, "Baba, wannan ya mutu."

Muka buɗe imel, na sa abin sauraro a kunne. Muryar Inna na nan garau! Saratu ta ƙwace abin sauraron daga kunnena, sai da ta ji sau uku.