Karan Dawan Baba Malam

Jiya 'yata ta nuna mini littafinta: "Mama, me aka rubuta nan?" Na kasa. Sai na tuna Baba Malam, ƙanen kakana, malamin ƙauyenmu a Doguwa.

Ran Lahadi in an taso coci, yakan tara mu da 'ya'yansa a gindin ɗorawa tun muna ƙanana, yana zana haruffa a ƙasa da karan dawa. "In kin ɓata, taka ki sake, 'yar nan. Ƙasa ba ta ƙarewa."

Yana rasuwa aka mai da ni gona. Yanzu ajin 'yata ba malami tun damina. Na ɗauki kara, na zana mata 'yan haruffan da na riƙe, suka ƙare.

Allah ya ba shi hutawa, ya dubi yarinyar nan, don ni iyakata ke nan.