Ranar da Baba Ya Hau Shibriyya

Mun tashi da asuba daga Jidda washegarin ƙaramar Sallah, ni da mai ɗakina da 'yarmu, ana ɗan sanyin nan na shekarun da azumi ke faɗowa lokacin ɗari. Tunda kun dame ni a bakin tukubar tsire da tambayar abin da ya karkatar min da wuya, to ku zauna ku ji. Na gaji da ce muku kwanciya na yi ba daidai ba.

A tashar Bab Makka muka sami mota, irin dogayen nan na Amurka, direbanta ɗan Yaman ne mai siririyar murya. Kuɗin mota ya hau saboda Sallah, da na yi ƙorafi sai ya ce ai motar ma Sallah take yi. Aka cusa mu a baya tare da wani bawan Allah da ya rungume tukunyar dibyaza a cinya, wannan haɗin zaƙi na busassun 'ya'yan itace da mutanen Hijaz ba sa Sallah sai da shi. Duk ramin da muka faɗa sai ya yi salati ya leƙa murfin. A Bahra muka tsaya a gidan gahawa, muka hau dogayen kujerun igiya, aka kawo shayi a ɗan buta da wake da gurasa mai zafi. A Shumaisi askari ya duba iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ya dubi yarinyar da sabuwar rigarta, ya yi mata barka da Sallah da Larabci, ta amsa masa tiryan-tiryan. Ni da nake ubanta har yau sai na yi tuntuɓe a wannan gaisuwar.

Wajen iyayena za mu a unguwar Misfala ta Makka, kuma gaskiya da nauyin zuciya na tafi. Baba tun yana saurayi ya iso Makka a ƙafa, ta Fort Lami da Sudan, kuma sana'a ɗaya ya yi duk rayuwarsa: ɗaukar shibriyya. Wanda bai sani ba, wani gadon katako ne mai ɗan shinge da ake zaunar da tsoho ko majinyaci a ciki, ƙarti huɗu su aza a ka bisa gammo su yi masa ɗawafi. Tsakiyar kan Baba har yau gashi ba ya fitowa. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, daga ɗaki zuwa bakin lungu ne iyakarsa, da sanda, yana dafa bango. Tun azumin bara bai sa Ka'aba a ido ba, alhali yana jin kiran sallar Harami daga shimfiɗarsa. Abokan aikinsa sun zo har gida sun ce za su ɗauke shi, ya kore su. Ya ce ya san nauyin mutum, ba zai ɗora wa ɗan kowa ba, sau ɗaya za a ɗauke shi a ka, ranar da ba shi da bakin hanawa. Tun daga nan Inna ta hana a ambaci sunan abin a gidan.

Mun shiga Makka da hantsi. Wajen Harami ƙurar aikin faɗaɗa masallaci ce ko'ina, gidajen da na sani ina yaro an rushe wasu, har na rasa lungun da nake yankewa. Amma Misfala tana nan yadda take, matanmu a bakin hanya da farantan gyaɗa, Hausa da Larabci suna cakuɗe a baki ɗaya. Inna ta rame. Baba kuwa na same shi zaune ya fuskanci bango, bangon da ke ɓangaren Harami, ya amsa gaisuwata a taƙaice. Jikarsa kaɗai ya yi wa fara'a, ya ce amarya ta zo ba ta kawo masa tuwon Sallah ba, lallai sakinta zai yi.

Muna cikin cin abincin rana yarinyar nan ta kwance mana zani a kasuwa. Ta ga fili a bayan unguwa da muka wuce, an kafa lilo iri-iri na Sallah, hankalinta yana can. Sai ta dafa gwiwar kakanta ta ce, "Sidi, ta'al, zo mu je mu hau shibriyya."

Inna ta ajiye ludayi. Uwar yarinyar ta zabga mata harara. Baba ya dube ta ya ce, "Wa zai ɗauke ki, amarya?"

"Ba a ɗauka, Sidi. Ita kaɗai take tafiya."

"Ƙarya kike. Babu shibriyyar da ba kai a ƙarƙashinta."

Ta rantse da Larabci, ya ce a miƙo masa sandarsa. Ashe duk zamansa a Makka bai taɓa taka filin wasan Sallah ba, don ranakun Sallah su ne ranakun aiki, kuma bai san Larabawa suna kiran wani lilo da sunan abin sana'arsa ba. Na so in yi masa bayani, Inna ta taka min ƙafa. Ita ta riga ni gane cewa mutumin da ya daɗe bai nemi sanda da kansa ba, ba a tsaya yi masa fassara.

Bayan la'asar muka fita. Tafiyar da yaro zai yi da gudu kafin a ɗaura alwala, mu sai da muka huta a ƙofar gida uku. Na miƙa masa hannu ya buge. Filin kuwa ya cika ya batse. Masu balila, dafaffen waken nan na Larabawa, suna kiran ciniki, ƙanshin tsami da yaji ya gauraye da ƙura, katako yana ƙara ƙiii ƙiii ta kowane gefe. Ga lilon samari na tsaye, suna tashi har sai ka kawar da kai. Ga wanda suke kira sanadiƙ, wata ƙatuwar ƙafar katako irin ta keke a tsaye da akwatuna rataye, ƙarti biyu suna juya ta da hannu, wanda ke ƙasa ya koma sama. Duk inda aka tsayar da abu sai ka ji yara sun haɗa baki suna "kaman, kaman", wato a ƙara.

Abin da ya ba ni mamaki manya ne. Na ɗauka raka yara suka yi, ashe da yawansu nasu ya kawo su. Wani dattijo mai sayar da turare ya rufe shagonsa ya zo, ya ce mana tun shekarar da aka fara kafa lilo a filin bai taɓa fashi ba, ya san igiyar da ta fi tashi da akwatin da ke girgiza. Wani Bamisire mai gyaran rediyo yana ta cika baki, wai wannan wasan yara ne, a ƙasarsu akwai unguwa guda ta irin waɗannan, inji ke juya su, da fitilu, ba a kwancewa bayan Sallah. Duk da haka yana cikin layi, ya naɗe jallabiyarsa.

Yarinyar ta ja kakanta har gaban shibriyyar. Gado ne sak irin nasu, da shingensa da komai, sai dai an rataye shi da igiyoyi a jikin gungume, yara ƙanana cike a ciki, wani mutum yana turawa. Baba ya tsaya. Ya sunkuya da ƙyar ya leƙa ƙarƙashinta, wallahi sai da ya leƙa. Ya ɗago ya ce, "Lilo ne ashe, ja'ira." Na ga fuskarsa ta faɗi, sai a lokacin na gane cewa da gaske ya sa rai an ƙirƙiro wadda za ta kai shi ɗawafi ba tare da ya hau kan kowa ba. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Da ma ya gaji, kuma babu wurin zama. Yarinyar ta shige ta matsa masa, mai turawa ya ce bismillah ya Hajji, sai ga Baba a cikin shibriyya tsakanin yara, ya rungume sanda. Aka tura a hankali. Da farko ya ƙanƙame shinge yana motsa baki. Can na ga ya saki hannu ɗaya. Can iska ta ture masa hula, wani yaro ya cafe, sai na ji wata dariya da na manta da ita, irin wadda yake yi da cikinsa duka. Da aka tsayar, yara suka ɗauki "kaman, kaman", a cikinsu har da wata tsohuwar murya mai kaushi.

Daga nan fa ba mu ga ta zama ba. Ya hau ya sake hawa, ya fara ba mai turawa shawara a kan ɗaurin igiya. Ya kira Bamisiren nan ya tambaye shi kwana nawa ne zuwa Masar a jirgin ruwa. Sannan ya nuna akwatunan da sanda ya ce saura wancan. Na ce Baba, wancan fa sama yake zuwa. Ya ce ai ya gani, ba makaho ba ne.

Shi da jikarsa suka shiga akwati ɗaya. Masu juyawar Hausawa ne, ɗaya ƙato baƙi wanda daga jin Hausarsa a Sudan ya tashi. Suka kama, akwatin ya tashi, ya kai ƙololuwa, sai muka ji Baba daga sama yana cewa a tsaya. Suka tokare ƙafar da kafaɗunsu. Na bi inda yake kallo, ni ban ga komai ba sai rufin gidaje, amma na san abin da ke bayansu. Hasumiyoyin Harami yake hange. Yaran sauran akwatunan suna ta ihu a juya, gumi yana zuba daga goshin ƙaton nan, jijiyoyin wuyansa sun tashi, amma bai saki ba har sai da Baba da kansa ya ce to.

Da ya sauko idonsa jawur. Ya kama hannun ƙaton ya ce, "Ɗana, na yi maka nauyi ko?"

Ƙaton yana haki ya ce, "Ƙwarai kuwa, Baba, kana da nauyi. To sai me? Ka ji na ce ka sauka?"

Baba ya saki hannunsa, muka kama hanya. A hanyar komawa gida ya ce min, ba tare da ya dube ni ba, haka shi ma yake ce wa tsofaffin da ke ba shi haƙuri daga saman kansa, kuma bai taɓa jin haushin ko ɗaya ba. Ya ce akwai wata tsohuwa 'yar Jawa da ta yi ta shafa masa kai tana addu'a da yarensu, har yau yana jin hannunta. A ƙofar gida ta biyu kuwa da na miƙa hannu bai buge ba.

Muna shiga ya ce wa Inna ta ɗauko masa gammonsa. Ta fito da shi daga ƙasan akwati, tsohon rawani ne da aka naɗe ya daskare da gumin shekaru. Ya juya shi a hannu, ya miƙo min ya ce, "Gobe da hantsi. Ka je ka gaya wa mutanena, uku nake so, kai ne na huɗu." Inna ta shige ɗaki da sauri, muna jin ta tana face hanci.

Jama'a, ni mai tsire ne, ban gaji sana'ar nan ba. Da aka aza min ƙafar gaba ta dama sai na ji kamar an kafa min ƙusa daga tsakar ka zuwa ƙugu. Tsofaffin nan uku kuwa tafiya suke kamar ba komai a kansu. Baba yana sama yana gyara min, in rage taku, in daina kallon ƙasa, wa ya koya min tafiya kamar agwagwa. Da muka shiga filin ɗawafi sai faɗan ya ɗauke. Ban ga fuskarsa ba, ƙafafun mutane kawai nake gani da farin dutse, abin da shi ya yi ta gani duk rayuwarsa ke nan. Sai muryarsa na ji tana rawa, yana cewa, "Ashe haka na sama suke ganin Ka'aba. Ashe har ƙofar ana gani." Daga nan sai addu'a, ya yi wa Inna, ya yi wa iyayensa da ya baro a gida bai sake gani ba, ya yi wa ƙaton filin lilo. Ni ma na yi ta kuka a ƙarƙashin gado, ba wanda ya sani, an ɗauka gumi ne.

Da muka cika zagaye na bakwai muka nufi gefe za mu sauke. Sai ya ƙwanƙwasa katako da sanda ya ce, "Kaman." Tsofaffin nan suka fashe da dariya har gadon ya girgiza. Sai da ya sauka ya yi raka'a biyunsa a zaune, ya sha zamzam, muka sake aza shi.

Mun dawo Jidda washegari da yamma a bayan wata lori, don ƙananan motoci sun yi wuya. Yarinyar ta yi barci a cinyar uwarta tun kafin Bahra, ni kuwa duk ramin da aka faɗa sai na tuna da mai tukunyar dibyaza, don ni ma salati nake ina riƙe da wuya. Na tafi ina tunanin yadda zan lallashi tsoho da wa'azi da magiya, ashe abin da zai yi aikin lilon yara ne da bakin jika. Da ina ganin mai ɗauka shi ne mai wahala, yanzu na san yarda a ɗauke ka ma ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga wanda ya san nauyin. Na gode wa Allah da ya nuna min wannan rana Baba yana da rai, ba ranar da ya faɗa ba. Na gode wa ƙaton nan da ban ma tambayi sunansa ba.

Baba ya ba ni saƙo in tambayi ma'aikatan jirgin ruwa labarin unguwar wasan nan ta Masar, ko da gaske ba a kwancewa. Wanda ya san wani a tashar jirgi ya taimaka min, don ba zai bar maganar ba. Da za mu rabu na miƙa masa gammonsa, ya ture hannuna ya ce in tafi da shi, in dawo da shi ranar Juma'a. Saboda haka wuyan nan ba yanzu zai miƙe ba, kuma ranar Juma'a kada wanda ya zo neman tsire, ina Makka.