Baba da Akori-kurar Gwaggo

Babanmu ya yi shekara talatin da huɗu yana kanikanci, kuma duk layin garejin ba a san shi da wani suna ba sai Mai Kunne. Direba zai shigo da mota yana shirin zayyana matsalarta, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ya yi shiru, ya bar motar ta faɗa da bakinta. Sai ya karkata kai, ya lumshe ido ɗaya, can ya ce, "Kuloci ne," ko "Haƙorin giya ta uku ya cinye." Da wuya a kwance a tarar da saɓanin haka. Garejinsa rumfar kwano ce da rami ɗaya, da benci wanda baƙin mai ya rine, da wani tsohon akwatin sifanu da ba ya yarda kowa ya taɓa, har mu 'ya'yansa.

Su uku ne a wurin iyayensu. Gwaggo ce babba, sai Baba, sai ƙaninsu da kowa ke kira Auta ko da ya fara furfura. Baba ne ya koya wa Auta riƙe sifana. Daga baya Auta ya tafi wani kamfani ya yi shekara shida yana koyon gyaran motoci masu canza giya da kansu, ya dawo ya buɗe nasa garejin a ƙarshen layin, mai daɓen siminti da fenti, da wata na'ura da ake jona wa mota ta rubuto abin da ke damunta. Ranar buɗewa Baba ya je ya yi masa murna, ya dawo gida ya ƙi cin abinci.

"Mota ta zama maras lafiyar asibiti ke nan," in ji shi. "Har da ɗaura mata waya."

Mama ta ce, "To ai ƙaninka ne, ɗaukakarsa taka ce."

"Na ce ba tawa ba ce?"

Tun daga nan, in mota mai tsada ta wuce ƙofarsa ta nufi ƙarshen layi, sai ya bi ta da kallo har ta shige, sannan ya nemi abin da zai yi wa faɗa. Duk da haka akwai abu ɗaya da yake taƙama da shi, wato akori-kurar Gwaggo. Gwaggo kiwon kaji take yi, da wannan motar take rarraba ƙwai shago-shago, ita ke tuƙa abarta. Motar mai canza giya da kanta ce, amma shekara goma sha ɗaya Baba ke duba mata birki da inji da ƙafafu, ba ta taɓa kwana a hannun wani ba. In ana hira yakan ce, "Yaya ta san inda ake aiki."

Sai motar ta fara wani sabon hali. Da safe lafiya lau take tashi. Amma da ta yi zafi, ga kaya a baya, in Gwaggo ta taka totur sai injin ya yi ta kururuwa motar ba ta ja, kamar mai gudu a kan santsi, can kuma ta fizga gaba ɗaya har kiret-kiret na ƙwai su yi tsalle. Gwaggo ba ta yi wata-wata ba ta kai wa Auta, tunda shi ya karanci irin wannan giyar.

Baba yana zaune a benci ya ga akori-kurar ta wuce shi. Har hon Gwaggo ta yi masa.

Ni na kai masa abinci ranar, don shagon ɗinkina ba nisa. Na tarar yana goge sifana ɗaya tilo, ya goge ya sake gogewa.

"Kin ga gwaggonki?" ya ce. "Shekara goma sha ɗaya. Ko ta tsaya ta ce mini ga abin da ake ciki."

"Baba, ai giyar ce, kuma ka sha cewa ba ka son irinta."

"Ba na so daban, ban iya ba daban."

Auta ya jona na'urarsa ba ta nuna komai ba. Ya zaro sandar gwada man giya ya ga man ya tsufa ya yi duhu, yana ɗan warin ƙuna. Ya juye shi, ya canza matacin, ya zuba sabo ja wur. Motar ta miƙe. Gwaggo ta biyo ta gidanmu da yamma tana ta yabo, wai yaron nan hannunsa akwai albarka. Baba ya ce, "Madalla," ya tashi ya shiga ɗaki.

Ranar Talata ta tsaya a garejin Baba, ba don gyara ba, ruwa kawai take so a ƙara mata a lagireto, wai kwanan nan yana yawan raguwa. Baba ya jira injin ya huce ya buɗe murfin. A cikin murfin ya ga wani kumfa mai maiƙo, ja-ja. Ya shafa da yatsa, ya sunsuna. Nan take ya gane komai. A irin wannan motar, man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce. Bututun ya tsage, mai na shiga ruwa, ruwa na shiga mai. Duk sabon man da Auta zai zuba, kwana kaɗan zai lalace, kuma ruwan zai ci gaba da cin faifan kulocin da ke cikin giyar har su ƙare.

Ya zuba ruwa, ya mayar da murfi, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Yaya."

A gida ya kasa riƙe abin a cikinsa. Ya zauna yana ba Mama labari yana murmushi, ina gefe ina jin su.

Mama ta ajiye abin da ke hannunta. "Ka gaya mata?"

"Ta tambaye ni?"

"To ka gaya wa Auta."

"Yana da na'ura. Ya tambaye ta."

"Wallahi wannan ba halinka ba ne."

"Kwana biyu kawai," in ji Baba. "Zai zo nan da ƙafarsa ya ce, Yaya, abin ya fi ƙarfina. Shi ke nan abin da nake so in ji."

Auta bai zo ba. Ranar Asabar da hantsi Gwaggo na hawan wani tudu da kaya cike, giyar ta saki gaba ɗaya. Injin na ihu, motar na komawa baya. Ta danne birki, amma kafin ta tsaya bayan motar ya daki bakin kwalbati. Ita ba ta ji ciwo ba sai firgita. Ƙwai kuwa fiye da rabi sun fashe, suna malala ta ƙasan ƙofar baya har kan kwalta. Aka jawo motar zuwa garejin Auta.

Da labari ya iso Baba, fuskarsa ta canza. Ya saka takalmi a hagunce ya nufi ƙarshen layi da sauri, na bi shi. Na tabbata a lokacin niyyarsa ya faɗi gaskiya ya huta.

Muka tarar Gwaggo zaune a kujera, zanenta duk ƙwai. Auta na ƙarƙashin mota, ya riga ya kwance farantin da ke ƙasan giyar. Ya fito riƙe da shi, man ciki ya koma kamar shayi mai madara.

"Yawwa, Yaya, zo ka ga abin mamaki," ya ce wa Baba. "Ka ga wannan? Ruwa ne. Ka san daga ina? Bari in nuna maka, a irin waɗannan motocin akwai wani bututu a cikin lagireto..."

Ya kama hannun Baba ya ja shi gaban mota, yana yi masa bayani dalla-dalla, a hankali, yadda ake yi wa sabon shiga. Direbobi uku da ke jiran motocinsu suka matso suna gyaɗa kai. Gwaggo ta ce, "Kai, Auta akwai ƙwaƙwalwa. Wa zai kawo lagireto a maganar giya?"

Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. Ya fizge hannunsa.

"Ni za ka koya wa? Tun ranar Talata na sani! A murfi na gani, da yatsa ɗaya, ba waya ba na'ura!"

Ɗaya daga cikin direbobin ya sunkuyar da kai ya koma wajen motarsa.

Gwaggo ta miƙe a hankali. "Tun ranar Talata?"

Ta tako har gabansa.

"Ka sani, ka ce mini Allah ya kiyaye hanya?"

"Yaya, ni cewa na yi..."

"Da yaran makaranta ne a bayana fa? Ni na goya ka, ka ji ko? A bayan nan nawa ka yi wayo." Ta juya ta fita, ko mayafinta ba ta gyara ba.

Auta ya ajiye farantin, ya goge hannu. Sannan ya ce wa Baba, "Giyar sai an sauke. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Kwana huɗu suka yi a kanta. Faifan kulocin duk sun saɓule, sai da aka canza su, aka wanke kowace hanyar mai, aka sa sabon lagireto. Baba ya rufe garejinsa, kullum shi ke fara zuwa. Auta ya gaya mini daga baya cewa bai taɓa ganin mai jera ƙananan kayan giya da tsabta irin Baba ba, ko da wannan ne karonsa na farko a irinta. Na kai wa Baba wannan magana ina zaton zai ji daɗi. Ya ce, "Shi ne zai ba ni maki?"

Gwaggo ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa. Ya je gidanta sau uku, a na ukun ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, mutum mai jikoki, har sai da ta ce ya tashi kada yara su gani. Sun shirya, amma ban ce kishin ya bar shi ba. Har yanzu in aka yabi Auta a gabansa sai tari ya kama shi.

Bara Gwaggo ta sayar da akori-kurar ta sayi wata. Ba ta kai wa ko ɗayansu ba, wani bakanike ta samu can bayan kasuwa, wanda ba dangin iya ba na baba. Ta ce ta gaji da raba faɗan tsofaffi. Yanzu da la'asar Auta kan tako zuwa rumfar Baba su zauna, in motar Gwaggo ta wuce su kasa kunne tare.

"Ka ji ƙafar baya?" in ji Baba.

"Na ji, Yaya. Mutumin nan bai iya ɗaure noti ba."