Mai Gwaji da Allon Hagu

Faɗan farko da Iya ta yi da mutumin da ke hayar shagon ƙofar gidanta, a kan rediyo ne. Ta kai masa ya gyara, ta yi ta sintiri, kullum sai ya ce gobe. Ranar da haƙurinta ya ƙare ta faɗa shagon, ta tarar da rediyon tata a farke, kusa da wata irinta da ya aro wajen tela, yana cire abu guda daga wannan ya sa wa waccan, ya kasa kunne.

"Gyara na kawo, ko aure na ce ka ɗaura musu?" in ji Iya.

"Iya, in ba a gwada da mai lafiya ba, ta ina za a san inda ciwon yake?"

Ta wanke shi tas, har masu wucewa suka tsaya kallo. Daga ranar ta laƙaba masa Mai Gwaji, sunan ya bi shi, har matarsa ma da shi take kiransa.

Siririn mutum ne mai sanƙo, da tabarau ɗaure da zare. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin, daga bisani ya faɗa kwamfuta irin ta kan tebur. Bai yi arziki ba, don abin da wani zai lalube ya sallami mai shi da hantsi, shi sai ya bi shi ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Amma abin da ya fita daga hannunsa ba ya dawowa. Iya kan ce ko ƙwai biyu aka ba shi sai ya ɗaga su a rana kafin ya yarda a soya.

Ita kuwa Iya, abin taƙamarta idonta. Ta sha faɗa wa unguwa cewa tana hango kwarkwata a kan mai wucewa. Gaskiyar magana, na hagun ya daɗe da yin hazo, sai dai ta karkata kai kamar kaza in babu mai kallo. Ta ɓoye ne saboda 'yarta ta rantse, ranar da ido ya gaza za ta kwashe ta zuwa gidanta na bene, inda ko tsintsiya ba za a bari ta taɓa ba. Iya kuwa ta fi son mutuwa a tsakar gidanta tana faɗa da kaji.

Wata rana wani mai gidan wasan kwamfuta ya kawo wa Mai Gwaji katin hoto iri biyu, wato abin da ake soke wa kwamfuta a ciki don ya zana duk abin da ake gani a allo. Ya ce a zaɓa masa guda, zai sa wa injinansa duka. Ɗaya ƙato ne mai fanka uku, ga gudu, amma ga zafi da shan wuta, yana huci kamar zai tashi sama. Ɗayan mai fanka biyu ne, shiru-shiru. A wasan tseren mota ƙaton ya ɗan fi, a wasan ƙwallo ƙaramin ya kamo shi. Mai Gwaji ya rame.

"Iya, aron idonki nake so," ya ce. "Ni na san wanda ya fi tsada, idona ya riga ya ci hanci. Ke ba ki san komai ba."

"Ka sake faɗa."

"A kan kati nake nufi."

Ta shiga shagon tana hura hanci, an zo wajen gwanaye. Ya zaunar da ita dab da allo biyu manya, ɗaya dama ɗaya hagu, jar mota tana tsere a kowanne. Ya ce ta miƙe wuya kada ta juya kai, ta faɗi wanda hotonsa ya fi tafiya sumul.

"Na dama. Wancan na hagun duk hayaƙi ne. Wanda ya sayar da shi Allah ya isa."

Ya yi murna, don ƙaton ne a dama. Wani da nan zai tsaya, amma Mai Gwaji ne. Ya sauya wayoyin, ƙaramin ya koma dama.

"Na dama," in ji Iya. "Ko makaho ya gani."

Ya sosa sanƙo. Ya ce ƙila allon ne, ya ɗauke su ya musanya. Na dama. Ya sauya kwamfutocin. Na dama. Iya sai ƙara bayani take yi, har da cewa direban hagu bai iya kwana ba. Can sai Mai Gwaji ya miƙa hannu a hankali ya kashe allon hagu ɗungurungum.

"Yanzu fa?"

"Ya ɗan ƙara duhu," ta ce, "amma dai motar tana ƙoƙari."

Fankokin nan na ta huci. Ya ja kujera ya zauna gabanta.

"Iya, na sauya kati, na sauya waya, na sauya allo. Abu ɗaya ne ban sauya ba. Rufe idonki na dama da hannu."

"Uwarka zan rufe."

"Allah ya jiƙanta. Rufe."

Ta rufe. Shago ya ɓace, shi ma ya ɓace, sai fari fat kamar ta leƙa tukunyar da ke tafasa. Da ƙyar ta ce, "In ka faɗa wa yarinyar nan, ka nemi wani shagon."

"Ba zan faɗa ba, in za ki bi ni asibiti. Ni ba na jefar da abu ban bari an buɗe shi ba."

Ya rufe shago ya kai ta, tana zaginsa tun daga ƙofa har layin ganin likita. Aka ce yanar ido ce, kuma ana cire ta. Sai da aka gama aiki sannan ya buga wa 'yar Iya waya. Ta zo da akwati don kwashe kayan uwar, ta yi jinya, ta ga uwar tana zura zare a allura tana harararta, ta koma da akwatinta yadda ta zo da shi.

Da Iya ta warke ta leƙa shagon, ashe bawan Allah bai zaɓa ba har yanzu, mai kaya yana ta kumfar baki. Ya kunna mata allunan. Ta duba dama, ta duba hagu, da ido biyu tangaran, ta daɗe tana duba.

"To, Iya?"

"Wallahi duk ɗaya ne," ta ce. "Ka ba shi wanda ba ya huci, ka tashi ka je gida matarka ta ga fuskarka da rana."